Gada Nawa Ce Tsakanin Rigasa da Sabon Tasha?

Wata asuba a farkon watan Agustan 2014, tun ladan bai yi kiran farko ba, wayata ta hau ruri. Gwaggona ce daga Rigasa. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba.

"Kai, tashi ka tayar da iyalinka. A ɗora ruwa a zuba gishiri, kowa ya yi wanka, ya kuma kurɓa kafin rana ta fito. Maganin Ebola ne."

Na ce, "Gwaggo, wa ya gaya miki?"

"Yayarka ta Suleja. Ka bar tambaya, gari na wayewa."

Daga baya na bi sawun maganar. Ita Yaya maƙwabciyarta ce ta buga mata ƙofa cikin dare, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, ita kuma ƙaninta ne ya turo mata tes daga Legas. Daga Legas zuwa kunnena baki huɗu ke nan kacal. Kafin hantsi da wuya a sami unguwar da zancen bai shiga ba a Kaduna, kudu da arewa. Hukuma ta fito ta ƙaryata, amma an riga an sha. Jaridu sun kawo labarin mutuwar aƙalla mutum biyu a ƙasar, wasu da dama kuma sai da aka kwantar da su a asibiti.

Ba rediyo ne ya yi shela ba, ba sanƙira ya zaga ba. A dare ɗaya labarin ƙanzon kurege ya ratsa ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 170, ya tsallake yare da addini, har ya game garin da wani kan shekara bai taka ƙetaren kogi ba. Ta ina ya bi? Akwai fannin ilimi sukutum da ba shi da aiki sai amsa irin wannan tambaya. Bari mu kira shi kimiyyar raga, don ragar masunta ta fi komai kama da abin da yake nazari: ƙulli da zare. Ƙulli shi ne mutum, ko gari, ko kwamfuta. Zare shi ne abin da ya haɗa biyu, ko aure ne, ko bashi, ko kiran waya, ko titi. Masu wannan fanni sun ce in kana son sanin yadda abu zai gudana cikin jama'a, sanin halin kowane mutum bai isa ba, sai ka san yadda aka saƙa su.

Mafarin abin ma gada ce. A birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, kogi ya raba gari gida huɗu, gadoji bakwai suka haɗa su. Mutanen garin suka daɗe suna cacar baki: ko mutum zai iya zaga gari ya hau kowace gada sau ɗaya tak? A 1736 Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, ya warware musu. Ya watsar da tsawon tituna da faɗin kogi, ya mai da kowane yanki ɗigo, kowace gada layi. Duk yankin da za ka ratsa, in ka shiga ta wata gada dole ka fita ta wata, don haka gadojinsa sai sun zo bibbiyu. Wurin tashi da wurin sauka ne kaɗai za su iya zuwa da mara. A garin nan kuwa duka yankuna huɗun mara ne, ɗaya biyar, sauran uku-uku. Tafiyar ba ta yiwuwa, komai wayon mai tafiya.

Shekara kusan 200 bayan haka aka ɗora wannan dabara a kan mutane. A 1932 'yan mata 14 suka gudu cikin mako biyu daga wata makarantar horo da ke Hudson a jihar New York. Jacob Moreno da Helen Jennings suka zana wa ke ƙaunar wa a makarantar, suka ga gudun ya bi zaren ƙawance ne daga ɗaki zuwa ɗaki.

Mu kan ce "ashe duk gida ne" in muka zauna da baƙo a mota daga tashar Kawo, kafin a kai Zariya an gano kawunsa ya auri 'yar maƙwabcinmu. A shekarun 1960 Stanley Milgram ya auna wannan. A gwajin da suka yi da Jeffrey Travers, an ba mutum 296 a Nebraska da Boston takarda, aka ce su isar da ita ga wani dillalin hannun jari a Boston, amma kowa sai dai ya miƙa wa wanda ya sani da kansa. Takardu 64 suka isa, bayan sun bi ta hannun mutum biyar da ɗoriya a tsakani. Daga nan aka samo zancen nan na taki shida tsakanin kowa da kowa. A lura, mafi yawan takardun a hanya suka maƙale, abin da masu yaɗa labarin ba su cika faɗa ba. Sai da Facebook ya zo aka sami ma'auni mai faɗi: a 2016 kamfanin ya lissafa masu amfani da shi biliyan 1.59, ya ce tsakanin kowane biyu akwai mutum uku da rabi a tsakaici.

A ido lissafin ba wuya. In ka san mutum 100, kowannensu ya san wasu 100, taki biyu ka kai 10,000, taki huɗu miliyan 100, na biyar ya wuce yawan mutanen duniya. Amma duk wanda ya taɓa zama a majalisar mai shayi ya san akwai ƙarya a cikin wannan lissafi. Abokaina goma na majalisa, abokan kowannensu su ne dai sauran taran. Suna ɗaya muke zuwa, jana'iza ɗaya, sahu ɗaya a masallaci. Labari in ya shigo yakan yi ta zagaye a tsakaninmu kamar akuya a turke. To ta yaya duniyar da ke cike da irin waɗannan dunƙule-dunƙule za ta zama gajeriya? Duncan Watts da Steven Strogatz suka ba da amsa a 1998. Sun nuna cewa ba a buƙatar kowa ya san na nesa. 'Yan zarurruka kaɗan da suka yi tsalle daga wannan dunƙule zuwa wancan sun isa su rushe nisan gaba ɗaya, alhali dunƙulen na nan yadda suke. Sun ga wannan fasali a layukan wutar lantarki na yammacin Amurka, da jijiyoyin wata 'yar tsutsa, da 'yan fim da suka fito tare. Bayarabiyar nan ta Suleja irin wannan zare ce. Ita ce gada.

Gada kuwa ba kasafai take zama aminin mutum ba. Mark Granovetter, a aikin da ya fitar a 1973, ya tambayi ma'aikata a garin Newton kusa da Boston yadda suka sami aikinsu. Cikin mutum 54 da suka ce wani ne ya yi musu hanya, kashi 16.7 cikin 100 ne kaɗai ke ganin mutumin a kai a kai. Kashi 55.6 jefi-jefi suke haɗuwa, kashi 27.8 kuwa da kyar ake gamuwa a shekara. Dalilin a fili yake: abin da amininka ya ji, kai ma ka ji. Sabon labari yana hannun wanda kuka yi bautar ƙasa tare, ko wanda kuka haɗu a layin banki, don shi yana zaune a wata majalisar daban. Mutum 54 sun yi kaɗan, gaskiya ne, amma a 2022 an gwada maganar a kan mutum miliyan 20 a LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, ta tsaya, da ɗan gyara: sanayya tsaka-tsaki ta fi amfani, ba ta ƙut-da-ƙut ba, ba kuma ta gaisuwar hanya ba. Muna cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Haka ne, amma uwa miya za ta zuba maka, ba ita za ta gaya maka ana rabon nama a wata unguwa ba.

Bahaushe bai jira Baturen jami'a ba kafin ya mai da zaman gada sana'a. Sunanta dillanci. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana kallon yadda shanu ke gangarawa kudu, goro na hawowa arewa, ba banki, ba takardar yarjejeniya, ba kotu. Falke ya kawo shanu daga nisan ɗaruruwan mil, bai san mahautan Yarabawa ba, su kuma sai bashi suke saye. Me zai sa ya saki dukiyarsa? Mai gida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya sa dillalansa su nemo mai saye, ya kuma tsaya a kan bashin. Dillalin ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, in wani ya ci amana kafin la'asar duk zango ya ji, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Mai gida ba shi da saniya ko ɗaya a cikin garken, ba shi da wuƙar fawa. Jarinsa shi ne wurin da yake tsaye, tsakanin jama'a biyu da ba su san juna ba, la'adarsa kuma kuɗin haye gada ce. Shekaru bayan haka Linton Freeman ya ƙirƙiro ma'aunin da ke lissafa sau nawa gajeriyar hanya tsakanin mutum biyu ke bi ta kan wani, Ronald Burt kuma ya nuna masu cike irin wannan giɓi a kamfanoni sun fi saurin samun ƙarin girma. Da an kai su Zangon Tudun Wada ranar da motocin shanu suka sauka, da sun ga lissafinsu yana yawo da sanda.

Dillaliya ma haka. Matar da ke shiga gida goma a wuni da ƙullin atamfa da kwanuka ta fi mai unguwa sanin wa ke neman miji, wa ke sayar da gadonta a ɓoye, wa ya kamata a sa a adashi. Haka yara masu talla da 'yan aike, waɗanda Enid Schildkrout ta yi nazarinsu a Kano a shekarun 1970, ta ga su ne ƙafar kasuwancin matan kulle. Duk mai zana ragar unguwar Hausawa da ya tsaya a zaure yana tambayar magidanta, rabin ragar ya gani.

Akwai kuma inda na fi ganin wannan ilimi a tsaye da ƙafarsa tun fiye da shekara dubu, wato wajen malaman hadisi. Ɗauki hadisin niyya, wanda duk ɗan Islamiyya ya haddace a farkon Arba'una, wanda kuma Imamul Buhari ya buɗe littafinsa da shi. Ta ingantacciyar hanya, Sayyidina Umar ne kaɗai ya ruwaito shi daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga Umar sai Alƙama ɗan Waƙƙas shi kaɗai. Daga Alƙama sai Muhammadu ɗan Ibrahim Attaimi shi kaɗai. Daga shi sai Yahaya ɗan Sa'idu Al'ansari shi kaɗai. A hannun Yahaya ne ya bazu, malamai suka ce fiye da mutum 200 suka ɗauka daga gare shi. Da za a zana, igiya ce guda mai ƙulli huɗu, da tsintsiya a bakinta. Malaman ba su ruɗu da yawan tsintsiyar ba. Sun bi kowane tsinke har inda suka haɗu, suka ce hadisin a tushensa ta hanya ɗaya ya zo, ingancinsa kuma ya rataya ne a kan mutanen nan huɗu, waɗanda aka san su ciki da bai. Shi ya sa sharaɗin mutawatiri, wato hadisin da jama'a da yawa suka ruwaito, ya zama yawa a kowane hawa na isnadi, ba a hawan ƙarshe kawai ba. In mutum 30 suka turo maka saƙo ɗaya a WhatsApp, ba shaidu 30 gare ka ba matuƙar rijiya ɗaya suka ɗebo. A daren gishiri kowa ya ji daga bakuna da yawa, ba wanda ya tambayi ina bakunan suka haɗu.

Ba duk ƙulli ne ɗaya ba. Albert-László Barabási da Réka Albert sun nuna a 1999 cewa a raga mai girma, sabon shiga yakan liƙe wa wanda ya riga ya tara jama'a, sai 'yan ƙalilan su zama matattara, sauran kowa da 'yan zarurrukansa. An so a mai da wannan dokar kowace raga, har a 2019 wasu suka duba raga kusan 1,000 suka ga kaɗan ne suka cika sharaɗin sosai. Amma kasancewar matattara ba abin musu ba ne, kuma tana haifar da wani abin mamaki da Scott Feld ya bayyana a 1991: yawancin mutane abokansu sun fi su yawan abokai. Ga mai shayi da kwastomomi biyar da ba su san juna ba. Shi yana da biyar, kowannensu yana da ɗaya. Mutum biyar cikin shida, abokinsu ya fi su jama'a. Ba rashin farin jini ba ne, mai jama'a ne ke bayyana a lissafin kowa.

Wannan wasan lissafi yana da amfani a asibiti. Lokacin murar 2009, Nicholas Christakis da James Fowler sun bi ɗalibai 744 a jami'ar Harvard, wasu an tsamo su da ka, wasu kuma abokan da na farkon suka ambata. Murar ta bayyana a rukunin abokan kusan mako biyu kafin sauran. A jihar Haryana ta Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun bi hanya mafi sauƙi. Suka tambayi mutanen ƙauye: in ana son labari ya game gari, wa za a gaya wa? Sunayen da suka yi ta maimaituwa su aka riƙa tura wa sanarwar rigakafi, yaran da ake kaiwa allura suka ƙaru. A wajenmu amsar ba za ta wuce wanzami, ungozoma, mai kitso da ladan ba, kuma ba lallai mai rawani ya fito a sahun farko ba.

Ita kanta Ebolar da ta sa mu wankan gishiri, da zanen raga aka kashe ta. Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar, ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, abin da ya zama ajalinta. Ma'aikatan lafiya suka bi duk wanda ya taɓa mai cutar, suka tara suna 894, suka yi ziyarar ido da ido kusan 18,500, kowa ana duba shi kwana 21. Wani zare ya suɓuce, mutum guda ya tafi Fatakwal, cutar ta kama likitan da ya duba shi a can. A ƙarshe mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Birni irin Legas, har da Fatakwal, mutum 20.

Sai dai a nan ne maganar gada ke rabuwa biyu, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Cuta da jita-jita taɓawa ɗaya ta ishe su. Siririyar gada, ko ta itace ɗaya ce, za su haye. Amma abin da ke da tsada ko haɗari, kamar ka miƙa ɗanka a ɗiga masa magani, ko ka ba baƙo bashi, ko ka sauya abin da ka taso a kai, ba ya hayewa ta bakin mutum ɗaya. Sai ka gani wajen mutum uku ko huɗu da ka yarda da su. Damon Centola ya gwada haka a 2010 da mutum kusan 1,500 a intanet: sabuwar ɗabi'a ta fi saurin bazuwa a ragar da maƙwabta suka san juna, ba a mai dogayen tsalle ba. Labari na son doguwar gada, yarda na son faffaɗa.

Mun ga wannan da idonmu a rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano da Zamfara da Kaduna bisa zargin an gurɓata maganin. Zargin bai faɗo daga sama ba, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Tsoron ya bazu kamar wutar daji, cutar kuma ta bi matafiya zuwa ƙasashe kusan 20. Kano ta dawo da rigakafin a 2004, amma sanarwar rediyo ba ta buɗe ƙofofi ba. Abin da ya buɗe su shi ne lokacin da maganar ta riƙa zuwa ta fuskoki da yawa a lokaci guda: kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, hakimi ya ɗiga wa nasa ɗan a bainar jama'a, liman ya yi magana, matan unguwa masu wayar da kai suna shiga gida-gida, a gidan suna ma ana yi. Sai a Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ƙwayar cutar ta daji. Tsoro ya yi tafiyarsa cikin watanni, gyara ya ci shekara 17.

Ƙarya ma tana da nata ƙafar. Masu bincike a jami'ar MIT sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka ga an fi sake tura na ƙarya da kashi 70 cikin 100, gaskiya kuma kan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ta kai mutum 1,500. Da WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, bai karanta saƙon kowa ba, zarurrukan kawai ya rage.

Yanzu mu dawo gida. Kogin Kaduna yana da gadojin kankare, ta wajen sitadiyam, ta baifas, ta hanyar Yakowa, da ta Kabala Costain. Mota na hayewa dare da rana. Gadojin mutane ne suka karye. Bayan rikicin Fabrairun 2000, wanda ya ci rayuka sama da 1,000, da na Nuwamban 2002, jama'a suka yi ta sayar da gidaje ko musanya su. Musulmi suka tattaru a Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Badarawa, Kiristoci a Sabon Tasha, Television, Romi da Narayi, har wasu na kiran ɓangare ɗaya Makka, ɗayan Urushalima. Ba a rabu ƙaf ba, akwai Musulmi a Kakuri da Makera da Barnawa, akwai Kiristoci a Malali da Unguwar Rimi. Amma yaron da aka haifa a 2003 zai iya gama sakandare bai taɓa cin abincin Kirsimeti ko naman layya a gidan maƙwabci ba.

A daidai wannan lokaci masaƙu suka mutu. KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Ana lissafa wannan a matsayin asarar aiki, kuma asara ce. Ba a cika lissafa ɗaya asarar ba. Dubban mutane, Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe, suna kan inji ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya, yajin aiki ɗaya, bashin ƙarshen wata wajen mai abinci ɗaya. Wannan ita ce faffaɗar gada, ba mutum ɗaya ya san mutum ɗaya ba, jama'a ce ta san jama'a ta fuskoki da yawa. Ranar da wani ya zo da gudu ya ce ana kashe naku a ƙetare, mai aboki a can zai ɗaga waya ya tambaya. Wanda ba shi da kowa sai ya tambayi na kusa da shi, wanda shi ma daga bakin mai gudun ya ji.

An yi ƙoƙarin gina gada daga sama. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori masu gaba da juna, Wuye har ya rasa hannu a rikicin 1992, sun haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sasanci. A Agustan 2002 shugabannin addinan biyu suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa. Ban faɗi haka don rage darajar aikinsu ba, ya kashe wutar da ba mu san adadinta ba. Amma zare tsakanin shugabanni siriri ne, ba ya ɗaukar nauyin unguwa.

Alexandra Scacco, wadda ta yi hira da ɗaruruwan mutane a Kaduna da Jos kan waɗanda suka fita faɗa, ta ga talauci shi kaɗai ba ya fitar da mutum titi. Wanda ya fi fita shi ne talakan da ya nutse cikin harkokin unguwarsu, wanda in aka buga ƙofa aka ce a fito a tsare gida, ba shi da idon ƙin fita. Zumuncin da ke kai maka gudunmawa ranar biki shi ne ke jan ka bakin daga. Daga baya ita da Shana Warren suka yi gwaji a nan Kaduna da samari 849, Musulmi da Kirista. An koya wa wasu kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2018 bai yi wa kowa daɗi ba. Abin da samarin ke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji gauraye sun fi 'yan aji ɗaya adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Da aka duba da kyau, ba gaurayen ne suka gyaru sosai ba, 'yan aji ɗayan ne suka ƙara fifita nasu. Wato zama da naka zalla ba tsayawa wuri ɗaya ba ne, ƙara nisa ne. Duk mai shirya taron matasa ko koyar da sana'a unguwa-unguwa ya kamata wannan ya hana shi barci.

Kada kuma a ɗauka zanen raga duba ne. Hausawa na da karin magana biyu da ke karo da juna: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, da kuma sai hali ya zo ɗaya ake abota. In ka ga abokai biyu suna shan taba, wanne ne ya faru? Ɗaya ya koya wa ɗaya, ko tabar ce ta haɗa su? Zane ba ya bambancewa. A 2007 Christakis da Fowler suka bi mutum 12,067 na tsawon shekara 32, suka ce in abokinka ya yi ƙiba, yiwuwar kai ma ka yi na ƙaruwa da kashi 57 cikin 100. Shekara guda bayan haka wasu masana biyu suka bi irin wannan lissafi suka "gano" cewa ƙurajen fuska da ciwon kai, har da tsawo, su ma ana ɗauka wajen aboki. Ba wanda ya taɓa ƙara tsawo don ya yi abota da dogo.

Su kansu bayanan da ake zana ragar da su suna da ramuka. Tun a shekarun 1970 Russell Bernard da Peter Killworth suka gwada abin da mutane ke cewa game da wanda suka yi magana da shi da abin da ya faru a zahiri, suka ga kusan rabi ba daidai ba ne. Bayanan waya sun fi ƙwaƙwalwa riƙo, amma a nan mutum ɗaya na da layi uku, gida guda kuma mata huɗu na aron wayar yaro ɗaya. Kwamfuta za ta ga yaron a matsayin babbar matattara, ba za ta ga gwaggona ba sam, alhali ita ce ta tayar da gida bakwai a daren nan.

Duk da haka, cikakken zanen Kaduna yana nan a ajiye, ba a jami'a ba, a rumbun kamfanonin waya: wa ya kira wa, daga wace hasumiya, da ƙarfe nawa. A Kenya an yi amfani da irinsa, na mutum kusan miliyan 15, aka gano hanyoyin da zazzaɓin cizon sauro ke bi daga gaɓar tafkin Victoria zuwa Nairobi. Amfaninsa ke nan, haɗarinsa kuma a jikinsa yake. Wani bincike na 2013 a kan mutum miliyan 1.5 ya nuna ko an goge suna, sanin wuri huɗu da lokacin da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa tun Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, dokar kare bayanan jama'a ba ta zo ba sai 2023.

Da nake wannan rubutu na buɗe wayata na ƙirga kira 40 na ƙarshe. Uku ne suka haye kogi. Ɗaya makanikena ne a Kakuri, ɗaya wani da muka yi makaranta tare, yana Narayi, na kira shi ta'aziyyar mahaifiyarsa bayan wata biyu da rasuwar don ban ji da wuri ba. Na ukun wata mata ce daga Sabon Tasha da ta yi kuskuren lamba, ta ba ni haƙuri da Hausa, na ce ba komai, ta kashe.